Babi na Shida: Watan da Ba a Dubawa

A cikin ranakun hutun da Gwamnatin Tarayyar Najeriya ke bayarwa kowace shekara akwai waɗanda ba sa gusawa daga inda kalanda ta ajiye su, kamar 1 ga Oktoba da 25 ga Disamba, akwai kuma masu yawo, waɗanda dukkansu wata ne ke riƙe da akalarsu. Mazaunin unguwar Gwange a Maiduguri ya san yadda ake tsayar da uku daga cikin masu yawon nan, wato Ƙaramar Sallah da Babbar Sallah da Maulidi, domin a gabansa ake fita duban jinjirin wata da almurun ranar 29, a kai rahoto fadar Shehun Borno da sauran fadojin sarakuna, a tattara a Sakkwato, sannan a saurari sanarwar Sarkin Musulmi. Sauran biyun, Juma'a Mai Kyau da Litinin ɗin Ista, su ma wata suke bi, sai dai ba a taɓa ganin wani limamin coci ya fita bayan gari yana laluben sararin yamma saboda su ba. Ranarsu tana rubuce a kalandar da aka buga tun bara, kuma mabiya Katolika da ke zuwa babban cocin St. Patrick, da 'yan Angilika, da 'yan EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya wadda ta samo asali daga Garkida a 1923, da 'yan COCIN, duk a Lahadi ɗaya suke yin idin ba tare da wani ya jira wani ba. Watan da suke bi ba na sama ba ne, na jadawali ne.

Ƙa'idar a taƙaice ita ce, Ista, idin da Kirista ke tunawa da tashin Yesu Almasihu daga matattu bisa ga imaninsu, tana faɗowa ne a Lahadi ta farko bayan cikar watan da ta zo a ranar 21 ga Maris ko bayanta. Abubuwa uku ke nan aka ɗaure wuri ɗaya, kuma kowannensu da nasa ma'aunin. Ranar 21 ga Maris tana wakiltar daidaiton dare da yini, lokacin da rana ke tsallako tsakiyar duniya ta nufo arewa, wannan kuwa lissafin shekarar rana ne mai kwana 365 da kusan rubu'i. Cikar wata ita ce kwana na sha huɗu na watan sama, wanda tsawonsa kwana 29 ne da sa'a 12 da minti 44. Lahadi kuma ta mako ce, shi kuwa mako ba ruwansa da rana ko wata. Babu ɗaya daga cikin ma'aunan nan uku da ke shiga cikin ɗan'uwansa ba tare da saura ba, kuma daga wannan saura ne duk wahalar lissafin ta taso.

Asalin ɗaurin daga Idin Ƙetarewa na Yahudawa yake, wanda a da ake yanka ragonsa a ranar 14 ga watan Nisan, domin littattafan Bishara sun nuna cewa a kwanakin wannan idi ne aka gicciye Yesu, kuma a ranar farko ta mako aka tarar da kabarin ba kowa. Nisan wata ne na sama, amma an tsare shi a lokacin da sanyi ke janyewa a ƙasar Falasɗinu, sha'ir yana nuna. A Turai ma lokacin tohon itatuwa ne. A Borno kuwa tsakiyar bazara ce, sa'ad da zafi ke haura digiri 40 kafin saukar ruwan fari, kuma daidaiton dare da yini ba abu ne da ido ke kamawa a Maiduguri ba, tunda ratar da ke tsakanin yini mafi tsawo da mafi gajarta a can ba ta kai sa'a ɗaya da rabi ba. Saboda haka ranar da ake ɗora lissafin a kanta, a wajen mutumin Gwange, lamba ce kawai a jikin kalanda.

Kiristocin farko ba su yi ittifaƙi a kan ranar ba. Ikkilisiyoyin Asiya Ƙarama, yammacin Turkiyya ta yau, sun riƙe 14 ga Nisan ko da wace rana ta mako ta faɗo, yayin da Rum da Iskandariyya suka dage cewa sai Lahadi. Polikaf, bishop na Simirna, ya je Rum a tsakiyar ƙarni na 2 ya tattauna da Bishop Anisetus, suka rabu lafiya kowa a kan bakansa, amma a ƙarshen ƙarnin Bishop Bikta na Rum ya nemi yanke hulɗa da mutanen Asiya baki ɗaya a kan wannan batu. Da Sarki Kwanstantin ya tara bishop-bishop a birnin Nikiya a shekarar 325, wurin da yanzu ake kira Iznik a Turkiyya, ranar Ista na cikin manyan abubuwan da aka zauna a kai. An saba cewa a can aka kafa ƙa'idar da aka ambata a sama, sai dai dokoki 20 da majalisar ta bari ba su ƙunshi wannan lissafi ba. Abin da wasiƙun da suka fito daga taron suka nuna shi ne an amince a yi idin rana ɗaya a ko'ina, a kuma daina dogaro da lissafin Yahudawa, matakin da Kwanstantin ya kare da kalamai masu zafi a kan Yahudawa waɗanda ba su da wata alaƙa da ilimin taurari. Yadda za a gano ranar kuwa, aikin masana hisabi na Iskandariyya ne, kuma sai da aka shafe ƙarnuka kafin hanyarsu ta rinjayi sauran.

Mai karatu da ya tashi a cikin al'adar duban wata zai iya tambayar abin da ya hana coci yin haka nan, tunda ita ce hanya mafi sauƙi. Amsar tana cikin tsarin azumin. Azumin Ramalan yana farawa ne da ganin watansa, yana kuma ƙarewa da ganin wanda ke biye, don haka ido ya wadatar. Azumin Kirista na kwana arba'in, wanda Katolika da Angilika suka fi kiyayewa, daga ranar idi ake ƙirgo shi a yi baya. Larabar Toka, ranar da ake shafa wa masu ibada toka a goshi alamar tuba, tana zuwa ne kwana 46 kafin Ista, domin ba a lissafa Lahadi shida da ke tsakani a cikin kwanakin azumi. Watan da cikarsa za ta tsayar da idin kuwa ba ya tsayuwa sai saura mako biyu zuwa uku. Ke nan a ranar da za a ɗauki azumin, watan da ake magana a kansa bai ma tsaya ba, balle a duba shi. Ga kuma nisan ƙasa, domin ikkilisiyar da ta bazu daga Masar zuwa Birtaniya a zamanin jirgin ruwa mai filafilai ba ta da hanyar isar da sanarwar dare ɗaya. Shi ya sa bishop na Iskandariyya ya riƙa aika wasiƙa tun farkon shekara yana bayyana ranar idi da ta fara azumi, kuma wasu daga cikin irin waɗannan wasiƙu na Bishop Atanasiyus sun wanzu har yau.

Ginshiƙin hisabin shi ne zagayen shekara 19. Wata goma sha biyu na sama kwana 354 ne da ɗoriya, wato sun gaza shekarar rana da kusan kwana 11, kuma wannan giɓi ne ke sa Ramalan ke matsowa gaba kowace shekara har ya ratsa damina da hunturu da bazara cikin kimanin shekara 33. Masanan Babila, da kuma Meton na Atina a shekara ta 432 kafin Miladiyya, sun lura cewa shekarun rana 19 sun yi daidai da watannin sama 235, in ban da 'yan sa'o'i kaɗan. Tunda 19 sau 12 ya ba da 228 ne kacal, sai an cusa ƙarin wata bakwai a cikin zagayen kafin lissafin ya cika. Kalandar Yahudawa tana yin haka a fili ta hanyar maimaita watan Adar, ita kuwa kalandar Musulunci ta rufe wannan ƙofa tun da aya ta 37 ta Suratut Tauba ta haramta jinkirta watanni irin na Larabawan jahiliyya. Hisabin Ista ya bi sahun na farko ne, sai dai ƙarin watansa a ɓoye yake, ba shi da suna, ba a kuma ganin sa sai a tsallen da ranar idi ke yi.

Ana gane tsallen ne idan aka jera shekaru. Kowace shekara tana da matsayinta a zagayen, wanda ake kira lambar zinariya, kuma ana samun ta ne ta raba shekarar da 19, a ɗauki abin da ya saura a ƙara masa ɗaya. Shekarar 2022 ta bar saura 8, lambarta 9 ke nan, kuma jadawalin coci ya ajiye cikar watanta a 16 ga Afrilu, aka yi Ista washegari, 17 ga wata. A 2023 cikar ta ja baya da kwana 11 zuwa 5 ga Afrilu, idi ya zo 9 ga Afrilu. A 2024 ta sake ja zuwa 25 ga Maris, idi ya zo 31 ga Maris. Da an ci gaba a haka, cikar 2025 za ta faɗo 14 ga Maris, wadda ke gabanin iyakar 21, don haka sai aka tsallake ta aka ƙara kwana 30, aka sauka a 13 ga Afrilu. Wannan rana kuwa Lahadi ce, kuma tunda ƙa'ida ta ce bayan cikar wata, ba a ranar cikar ba, sai idin ya ƙara mako guda zuwa 20 ga Afrilu. Cikar watan Ista ba ta wuce tsakanin 21 ga Maris da 18 ga Afrilu, shi ya sa idin kansa yake da ranaku 35 kawai da zai iya faɗawa, daga 22 ga Maris zuwa 25 ga Afrilu. Bakin iyakokin nan ba kasafai ake kai musu ba: rabon da a yi Ista a 22 ga Maris tun 1818, kuma ba za a sake ba sai 2285, ta 25 ga Afrilu kuwa an yi ta a 1943, za a kuma sake a 2038.

Daga wannan ne ake fahimtar cewa kalandar Hijiriyya da ke rataye a shagon tela ko a zauren malami a Gwange tana iya nuna ranar Ista kusan daidai, ba tare da an buɗe littafin coci ba. Abin da ake buƙata shi ne a nemo watan Musulunci na farko da 14 gare shi ta faɗo a 21 ga Maris ko bayanta, Lahadin da ke biye ita ce idin. Saboda haka Ista kullum tana zuwa ne a mako na uku na watan Musulunci, ko ta ɗan gota shi da kwana ɗaya ko biyu, lokacin da wata ya fara makara wajen fitowa, kuma wannan ne dalilin da ya sa ba za ta taɓa haɗuwa da Ƙaramar Sallah a rana ɗaya ba, wadda ke zuwa a 1 ga wata. A 2022 da 2023 da 2024 cikin Ramalan aka yi ta, har ya zama maƙwabta Musulmi da Kirista sun yi kwanaki suna azumi a tare, kafin nan kuwa rabon a ga idin a cikin Ramalan tun 1990 da 1991. Tsallen 2025 ya fitar da ita zuwa Shawwal, inda za ta tsaya har 2027, kafin ta shiga Zulƙida a 2028. Duk shekara biyu ko uku tana ciyar da kanta gaba da wata guda a kalandar Hijiriyya, kuma wannan ciyarwa ita ce ƙarin watan da aka ce a ɓoye yake.

Hanyar tana da inda take tuntuɓe, domin watan jadawali da watan sama ba kullum suke tafiya kafaɗa da kafaɗa ba. Jadawalin yana aiki ne da matsakaicin tsawon wata, yana jera mai 30 da mai 29, alhali watan gaske yakan yi sauri ko jinkiri, har a sami saɓanin kwana ɗaya ko biyu. Haka nan daidaiton dare da yini na gaske ya fi faɗowa a 20 ga Maris a wannan zamani, amma coci ta kafe shi a 21. Yawancin shekaru wannan saɓani ba ya canza komai, sai idan cikar ta zo dab da iyaka. A 2019 rana ta tsallaka tsakiyar duniya da daren 20 ga Maris, wata kuma ya cika 'yan sa'o'i bayan haka, a 21 ga wata, wanda ke nufin da sama ake bi da an yi Ista a 24 ga Maris. Jadawali kuwa ya lissafa waccan cikar a 20 ga Maris, kwana ɗaya kafin iyaka, don haka aka jira ta 18 ga Afrilu, aka yi idi a 21 ga Afrilu. Ba kuskure ba ne a idon masu tsarin, zaɓi ne, domin sun fifita ranar da kowa zai iya fitarwa da alƙalami a kan wadda sai mai na'urar hangen taurari, wadda kuma za ta iya bambanta daga wannan nahiya zuwa waccan.

Yaɗuwar jadawalin Iskandariyya zuwa yamma ta bar wa duniya gadon da ya fi idin kansa yawan masu amfani. A shekarar 525 wani rahibi a Rum mai suna Diyonisiyus ya tsawaita jadawalin, kuma da yake bai so ya ci gaba da ƙirga shekaru daga hawan Sarki Diyokiletiyan ba, wanda ya tsananta wa Kirista, sai ya ƙirga daga abin da ya ɗauka shi ne shekarar haihuwar Almasihu. Lissafin Miladiyya da ke kan takardar haihuwa da katin zaɓe da rasit ɗin kasuwa daga gefen wancan jadawali ya fito. Kafin tsarin ya game ko'ina an sha rikici, musamman a Birtaniya, inda malamin tarihi Bida ya ba da labarin cewa a fadar Sarki Oswi na Nozambiriya yakan faru sarki yana bikin Ista bisa lissafin mutanen Ailan, sarauniya kuwa tana cikin azumi bisa lissafin Rum, har sai da taron Witbi na shekarar 664 ya zaɓi na Rum.

Amma jadawalin yana ɗauke da ɓaraka biyu da ke girma a hankali. Kalandar Juliyas Kaisar da aka gina shi a kanta ta ɗauki shekara a matsayin kwana 365 da rubu'i cif, wanda ya zarce gaskiya da kimanin minti 11, wato kwana guda a duk shekara 128. Zagayen shekara 19 shi ma yana kauce wa watan sama da kwana guda a duk shekara 300 da 'yan kai. Zuwa ƙarni na 16 daidaiton dare da yini ya zame zuwa wajen 11 ga Maris, kuma watan littafi yana cika ne bayan na sama ya riga ya fara raguwa. Gyaran da Fafaroma Giregori na 13 ya zartar a 1582, bisa shawarar likita Liliyus da aikin masanin lissafi Kilabiyus, an yi shi ne musamman domin Ista. An zubar da kwana 10, aka kwana a 4 ga Oktoba aka tashi a 15, aka kuma dokanta cewa shekarun cikar ɗari ba za su sami ƙarin kwana a Fabrairu ba sai waɗanda 400 ke rabawa, shi ya sa 2000 ta samu, 1900 ba ta samu ba, 2100 ma ba za ta samu ba. An kuma tanadi gyaran wata na kwana ɗaya sau takwas a cikin shekara 2,500. Jadawalin da ake amfani da shi yanzu ya fara aiki a 1900, kuma zai tsaya yadda yake har 2199. Ingila, saboda saɓaninta da Rum, ba ta karɓi gyaran ba sai 1752, kuma wannan kalanda ce mulkin mallaka da mishanoni suka shigo da ita Najeriya, Katolika da Furotesta baki ɗaya, wanda shi ne dalilin da ya sa majami'un Maiduguri, duk da bambancin aƙidarsu, ba su da saɓani a kan ranar.

Saɓanin yana gabas ne. Majami'un Otodoks na Girka da Rasha, da Kibɗawan Masar, da cocin Habasha da na Eritiriya, sun ci gaba da tsohon lissafi, wanda 21 ga Maris ɗinsa ta yi daidai da 3 ga Afrilu a kalandar da aka sani, tunda ratar ta kai kwana 13, watan jadawalinsu kuma yana bayan na sama da kwana huɗu zuwa biyar. Sakamakon haka idinsu yakan zo tare da na yamma, ko bayansa da mako ɗaya, ko huɗu, ko biyar. A 2024 ratar mako biyar ce, 31 ga Maris da 5 ga Mayu, a 2025 kuwa, shekarar da taron Nikiya ya cika shekara 1,700, duka ɓangarorin sun haɗu a 20 ga Afrilu. Abin lura shi ne ƙa'idarsu ɗaya ce kalma da kalma, kalandar da ake aza ta ce ta bambanta, kuma hakan na nuna cewa lissafi shi kaɗai ba ya kawo haɗin kai idan ba a yarda da wanda ke da ikon gyara shi ba, al'amarin da masu muhawara a kan hisabi da ganin wata a Arewa ba baƙo ba ne a wajensu.

An yi yunƙurin rufe wannan ɓaraka ta hanyoyi biyu masu karo da juna. Ta farko ita ce a saki wata gaba ɗaya: majalisar dokokin Birtaniya ta zartar da doka a 1928 da ta ajiye Ista a Lahadin da ke bin Asabar ta biyu a Afrilu, amma aka jingine aiki da ita har sai an ji ta bakin majami'u, kuma har yau tana nan a jingine, ko da yake Majalisar Batikan ta Biyu ta bayyana a 1963 cewa ba ta adawa da tsayayyiyar Lahadi muddin sauran ikkilisiyoyi sun amince. Ta biyu ita ce a saki jadawali a koma ga sama: taron da Majalisar Majami'un Duniya da takwararta ta Gabas ta Tsakiya suka shirya a Halab ta Siriya a 1997 ya ba da shawarar a riƙe ƙa'idar da ake jingina wa Nikiya, amma a fitar da daidaiton dare da yini da cikar wata ta lissafin taurari na zamani bisa agogon Ƙudus, a fara daga 2001. Shawarar ba ta yi wa kowa nauyi daidai ba, domin a shekaru ƙalilan ne kawai za ta taɓa ranar yamma, alhali za ta sauya ta gabas a mafi yawan shekaru, kuma majami'un Otodoks, waɗanda wani gyaran kalanda na shekarun 1920 ya riga ya haddasa musu rarrabuwar da ba ta warke ba, ba su ɗauke ta ba. Jadawalan biyu za su sake haɗuwa da kansu a 16 ga Afrilun 2028, sannan a 2031 da 2034.